Jiran Kaka a Jirgin Ruwa

Akwai wata ƙara da ledar sufra take yi idan an ja ta daga naɗinta aka yage. Ba ta da ƙarfi, kamar dai an tsaga tsohon zani. Jiya ina hawa matakalar gidanmu na jiyo ta daga ƙofar maƙwabta, sai na tsinci kaina ina ɗaga ƙafa, ina tunanin inda zan wanke hannu. Na tsaya a tsakiyar matakalar, haushin kaina ya kama ni. Mace da girmanta, ledar gidan wasu tana ba ta umarni.

Idan ba a Makka ka tashi ba, sufra ita ce ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa a jera abinci a kai. In an gama a tattare ta da ƙashi da ɓawon lemo a zubar. Ba wani abin daraja ba ce. Amma a gidan da na tashi, can saman dutse a Tandabawi, idan ka ji an yage ta bayan sallar magariba, ko me kake yi ajiyewa za ka yi.

Gidan namu ɗaki ne a kan ɗaki, kowa ya samu bulo ya ɗora nasa, babu wanda ya taɓa tunanin yaɓe. Kafin ka kai ƙofa sai ka hau matakala har gwiwarka ta fara magana. Da rani dutsen yana shan rana tun safe, da yamma ya riƙa amayo mana ita ta bango, ka jingina ka ji kamar ka jingina da tukunya. In an yi ruwan sama, wanda ba kasafai ake yi ba, sai matakalar unguwa ta koma kogi, takalma da robobi suna gangarawa, mu yara muna bin su da ihu. Warin unguwar kuwa ba ya canzawa: daddawa, turaren wuta, da akuyar maƙwabcinmu da ke zaune a saman rufi kamar ita ta biya kuɗin haya.

A gidan akwai Kaka, mahaifiyar Umma, ita ce mai gidan ko da ba a faɗa ba. Akwai Baba da Umma, da Kawu ƙanin Umma, da Yaya, da ni. Sai kuma dangi na nesa da suka zo aikin Hajji suka manta hanyar komawa. Wasu suna da igama, wato takardar zama, wasu ba su da ita. Baba yana da ita ta wurin aikinsa, mu ma muna ƙarƙashinsa. Kaka da Kawu ba su da komai. Yaro a gidanmu ya san wannan kamar yadda ya san wane ne bahago, kuma ya san ba maganar da ake fita da ita ƙofa ba ce.

Dokar Kaka guda ce. A shimfiɗa sufra, a ajiye tiren maza a wannan gefe, namu na mata da yara a wancan, amma babu mai sa hannu sai ta kira sunan kowa ta ji ya amsa da bakinsa. Ba ta sauri. Ta kira, ta saurara, ta gyaɗa kai, ta kira na gaba. Wanda bai iso ba, jiransa za a yi. Ko tuwon shinkafa ne da miyar kuka, ko ful ne, dafaffen waken nan na Larabawa, da gurasar tamis mai zafi daga tanderun ƙasan layi, abincin zai zauna a gabanka kana kallonsa yana mutuwa. Na ga miyar kuka ta yi fata a idona ba sau ɗaya ba. Na ga tamis ta bushe ta zama faifai.

Ni kuma da yunwa aka haife ni, da gajen haƙuri. Ina zaune ina haɗiyar yawu, in lallaɓa yatsa wajen nama, sai in ji ludayi a bayan hannuna.

"Ke uwar gaggawa, tuwon ƙafa gare shi?"

"Kaka, ai ya huce."

"Cikinki zai ɗumama shi."

Ko lokacin Hajji, da mazan gidan suke watsewa zuwa Mina suna dakon kayan alhazai da nuna musu hanya, dokar ba ta faɗuwa. Garin ya cika ya batse, masu fararen harami ko'ina, gidan kuma ya zama na mata zalla. Amma dole kowane namiji ya aiko da saƙo ta bakin wani kafin rana ta faɗi. Kaka za ta kira sunansa a kan sufra, wadda aka ba wa saƙon ta ce, "Yana Mina, an gan shi da la'asar, lafiya lau." Sannan a ci.

Na ɗauka duk wannan tsufa ne da son mulki. Har ranar Kawu.

A gidan nan aka haifi Kawu. Aikinsa tura tsofaffin alhazai a keken marasa ƙarfi, daga masauki zuwa Harami, ya dawo da su. Yana dawowa gida da warin gumi da turaren mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba, aljihunsa cike da dabino da alewar da suka ba shi. Shi kaɗai ne yake goyon bayana a kan sufra. In Kaka ta kira shi sai ya amsa tun ba ta rufe baki ba, ya ce, "Na'am, na'am, yalla a sallami yarinyar nan kafin ta cinye ledar."

Wata magariba ta kira sunansa, shiru. Ta sake kira. Babu wanda ya ɗaga kai. Baba ya miƙe ya sa takalmi, Yaya ya bi shi. Muka zauna da abincin a gaba har aka kira isha'i. Da suka dawo, Baba bai zauna ba. Ya ce an yi kame wajen unguwar Jarwal, mota ta kwashi mutane, wani mai shago ya ga Kawu a ciki. Tarhil ke nan, kalmar da ake faɗa a hankali a unguwarmu: a tsare ka, a sa ka a jirgi, a mayar da kai ƙasar da aka ce taka ce. Aka kai Kawu Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausarsa rabi Larabci. Yana can har yau, ya yi aure, yana sayar da turare. Kaka ba ta ƙara ganinsa ba sai a fuskar waya.

A ranar na gane kiran sunan nan ba ladabi take koya mana ba. Ƙirga mu take yi, kamar mai kiwo da yamma a bakin garke. Na gane sarai. Amma kar in yi maka ƙarya, ganewar ba ta rage mini yunwa ba. Washegari ma sai da na sha ludayi.

Shekaru suka wuce. Aka rushe layinmu, muka koma bene irin na kowa, mai lifta da ke aiki in ta ga dama. Baba ya rasu. Yaya ya samu aiki a wani otal kusa da Harami, ya yi aure, ya haifi biyu, mace da namiji. Shi ya yi ta zirga-zirga har Kaka ta samu igamarta, bayan gashinta ya gama fari. Ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataye a wuya, da ita take kwana. Mun gaya mata yanzu komai a waya yake, ta ce wayar ta ci kanta. Ni na gama sakandare na kama aiki a shagon abaya. Mutanen sufra suka ragu, amma kiran suna bai ragu ba.

Bara aka ƙara wa Yaya girma, sai ya ce zai kai mu yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, irin manyan nan da suke tashi daga Jidda su yi 'yan kwanaki a teku su dawo. Umma ta ce ita ko a talabijin ta ga teku jiri take ji, ta zauna. Kaka ta ce sau ɗaya ta hau jirgin ruwa a rayuwarta, tana budurwa, daga gaɓar Sudan, a zaune kan buhun gero tana amai, kuma don Allah ta hau. "Wannan kuma don wa?" Yaya ya ce don shi. Wasan jika da kaka ne a tsakaninsu, angonta take kiransa, ba ta iya ce masa a'a. Ni kuma aka ce in zo in huta. Na san hutun. An tafi da ni ne in zama ƙafar kowa.

Jirgin gari ne guda aka ɗora a kan ruwa. Bene a kan bene, dogayen lunguna masu kafet iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, ko'ina warin maganin ruwan wanka da soyayyen dankali. Aka ba kowa kati, da shi za ka buɗe ɗaki, da shi za ka yi komai. Aka ba mu tebur namu a babban ɗakin cin abinci, da lokacinmu, jim kaɗan bayan magariba. Farin ƙyalle, cokula reras kamar za a yi tiyata. Kaka ta kalli kujerar ta ce mutum ya ci abinci ƙafarsa tana lilo, sai ka ce wanda aka kai wa wanzami.

A saman jirgin kuma akwai sashen yara. Ɗaki ne babba mai launi-launi, da 'yar ƙofa iya ƙugu wadda ba ta buɗuwa sai da kati, da ma'aikata masu shuɗin kaya. Ka kai yaro a ɗaura masa abu a hannu, ba mai fitar da shi sai wanda iyayen suka yarda. Yaya ya ba da sunansa, da na matarsa, da nawa. Ba wanda ya tuna da Kaka, don ba wanda ya zaci za ta taka can. A ciki ana zane, ana farautar taska, ana shirin wani wasan kwaikwayo da yara za su yi a daren ƙarshe. 'Yar Yaya aka ba ta sarauniyar kifaye. Ƙaninta ƙaguwa ne, aikinsa tafiya a karkace, kuma Allah ya sani ya iya. Gwajin wasan kuwa an sa shi daidai lokacin cin abincinmu, a can ake ba su nasu, don iyaye su samu su numfasa.

Matar Yaya, wadda muke kira Abla, ta ji wannan tsari kamar an yi mata bushara. Ta ce, "Wallahi tun da na haifi yarinyar nan ban ci abinci da hannu biyu ba." Ban ga laifinta ba. Har yau ban gani ba.

Daren farko muka zauna mu huɗu. Mai kawo abinci ya zuba ruwa, ya ajiye burodi. Kaka ta riga ta sha maganin sugarta, irin wanda in ka sha dole abinci ya biyo baya. Ta naɗe hannu a cinya.

"Ina yaran?"

Yaya ya yi mata bayani da Hausa, ya ƙara da Larabci, ya nuna sama da yatsa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce to, a kira su. Ya kalli Abla, Abla ta kalli burodi. Ya juyo gare ni.

"Ke, yi haƙuri, je ki ɗauko su."

Haka na zama mai kamen jirgi. Kowace magariba in bi lungu, in jira lifta, in nuna kati, in tsaya a bakin 'yar ƙofar ina kira. 'Yar Yaya ta fito da fenti a kumatu tana kuka, tana ce mini, "Ammati, haram alaiki!" Wato goggo, ba ki kyauta ba. Su Hausa suna ji, amma in rai ya ɓaci Larabci ke fitowa. Ƙanin ya kwanta a ƙasa ya sandare, in ɗauke shi kamar buhu. Mu iso tebur ina gumi, Kaka ta kira sunansu, su amsa ciki-ciki. Sannan ta ce bismillah. Yaran ba sa ci, don rabin cikinsu ya cika a sama. Abla tana yanka musu naman da ba za su taɓa ba. Yaya ya ɗaga waya ya ce kowa ya yi murmushi. Hoton yana nan. In ka gan shi za ka ce daga ta'aziyya muke.

Ba wai ban nemi mafita ba. Na je na tambaya ko za a canza mana lokaci, aka ce akwai zama na biyu, amma ya yi nisa da maganin Kaka. Na ce to a ci da wuri a wurin da kowa yake ɗiba da kansa, Yaya ya ce shi ya biya don iyalinsa su zauna a tebur kamar mutane. Na gwada sauko da su su amsa suna kawai in mayar da su a guje, kafin mu koma an wuce wurinsu a wasan. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, wata 'yar Filipin mai fara'a da rediyon hannu a ƙugu, ta ja ni gefe ta ce in yarinyar ta sake rasa gwaji za a ba wata sarautar, don sauran yara ba za su yi ta jira ba. Yarinyar ta ji. A lifta ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi kallona, wanda ya fi kukan ciwo.

Ana gobe daren ƙarshe na ce na gama. Muna zama a tebur na faɗa, tun kafin a zuba ruwa.

"Yau ba zan je ba. Kaka, teku ne fa. Hagu ruwa, dama ruwa. Ina za su je?"

"Wanda ya ɓata, a tsakiyar mutane ya ɓata."

"Babu mai kama kowa a nan."

"Ke kika ƙera jirgin?"

"Ki ci abinci, kin sha magani. In kika faɗi a nan wa zai ɗauke ki?"

"Wanda ya ɗauke ni daga Sudan."

Na ce wa Yaya ga kakarsa nan, ga 'ya'yansa can, ƙafarsa ba ta karye ba. Na ture kujera na fita waje inda iska take, na riƙe ƙarfe ina kallon baƙin ruwa har zuciyata ta sauka. Ban daɗe ba. Da na dawo kujerar Kaka babu kowa. Yaya ya ɗauka ni ta biyo. Abla ta ɗauka banɗaki ta shiga. Sandarta ma ba ta nan.

Sau ɗaya na taɓa nuna mata sashen yaran, da rana, muna wucewa. Ba ta shiga lifta ita kaɗai, tana cewa akwatin gawa ne mai igiya. Ashe matakala ta bi. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana hawa dutsen Tandabawi da tulun ruwa, benen jirgi ba zai hana ta ba.

Tun daga nesa na jiyo muryarta, kuma ba muryar da take mana magana da ita ba ce. Wata siririyar murya ce, mai laushi, mai rawa, wadda rabona da jin ta tun ina yarinya, lokacin da masu kaki suke hawowa layinmu. Tana tsaye a bakin 'yar ƙofar, mayafinta ya zame, numfashinta yana fito. Ta ciro igamarta daga jakar wuya ta riƙe da hannu biyu, ta miƙa ta saman ƙofar.

"'Yata, Allah ya jiƙan iyayenki, ga takardata, duba, mai kyau ce. Su ma suna da tasu, a asibiti aka haife su. Ubansu ma'aikaci ne. Ki riƙe ni, ki sake su. Ni na tsufa, ko ina aka kai ni daidai ne."

Da Larabcinta na kasuwa take faɗa, tana cusa Hausa inda ya ƙare mata. Ma'aikaciyar ba ta jin ko ɗaya. Abin da ta sani, ga tsohuwa tana neman yara, kuma ba ta cikin waɗanda aka yarda su ɗauka. Tana ta cewa mama, mama, tana girgiza kai cikin ladabi. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta sai ta zaro rediyon ta kira a turo mai jin Larabci. Taimako take nema. Amma ka tsaya a inda Kaka take ka duba: mai kayan aiki, ƙofa a kulle, yara a ciki, an ƙi takarda, yanzu kuma an ɗaga rediyo. A unguwarmu in an ɗaga rediyo, mota ce take zuwa. Na ga ta kama ƙofar ta ƙanƙame.

Na riƙe ta ta baya. Iyaye biyu-uku sun tsaya suna kallo. Na ce, "Kaka, wasa suke yi. Wasa! Ba kamu ba ne. Mayar da takardar nan." Ba ta ma san na zo ba.

Sai ga 'yar Yaya ta taho a guje, cikin rigar takarda mai ƙyalli, da kambi a karkace, gumi ya jiƙa mata goshi, dariyar da take yi a ciki ba ta gama barin fuskarta ba.

"Sitti! Kallo kika zo? Ba yau ba ne, gobe ne! Ki tafi, kar ki ga rigata, sirri ne!"

Sitti suke ce wa Kaka, irin na mutanen nan. Yarinyar tana magana tana rataye a ƙugun ma'aikaciyar, ta kama eriyar rediyon tana lanƙwasawa, matar ta ɗan buge mata hannu, suka yi dariya tare. Can ciki ƙaninta yana ta tafiyarsa a karkace, bai ko waiwayo ba. Yarinyar ta juyo gare ni, fuskar ta canza.

"Ammati, don Allah. Yau kawai."

Ni Kaka nake kallo. Ta daɗe tana duban hannun yarinyar a kan rediyon. Numfashinta ya lafa a hankali.

"Ba ta tsoron matar nan," in ji Kaka.

"Na gaya miki."

"Ba ta ma san ana tsoro ba."

Ta mayar da igamar cikin jaka, ta zuge, ta tura cikin riga. Ta gyara mayafi. Ta ce wa yarinyar ta je ta yi sarautarta. Na nufi lifta da ita ina jiran gardama, sai ta riga ni shiga.

A tebur miya ta huce, mai kawo abinci ya canza mana wata. Kaka ta zauna, ta kalli kujeru biyun da babu kowa, ta ce bismillah ta ɗauki burodi. Ba ta kira sunan kowa ba, har mu da muke gabanta. Yaya ya kalle ni yana murmushi, ya ɗaga mini babban yatsa a ɓoye, wai na yi abin kirki. Abla ta ci abincinta da hannu biyu, har da kayan zaki. Ni na ci, amma ka tambaye ni me na ci, ban sani ba.

Washegari aka yi wasan. Sarauniyar kifaye ta manta rabin maganarta, ƙaguwa ya faɗo daga dandamali ya hau ya ci gaba. Kaka ta tafa inda ta ga ana tafawa, ta yi gyangyaɗi a tsakiya.

Na ɗauka abin na jirgi ne, in mun dawo Makka za ta koma halinta. Ba ta koma ba. Yanzu tana cin abincinta a lokacin da likita ya ce, ita kaɗai ko da Umma, a 'yar tire, gaban talabijin tana kallon masu ɗawafi. Sugarta ta daidaita. Kowa yana cewa iskar teku ta karɓe ta. Yaran kuma dama jira suke a sake su: yarinyar tana da darasin yamma, yaron yana da ƙwallo, ranar da babu wannan akwai ninƙaya. Yaya wani mako aikin dare, wani mako na rana. Babu wanda ya yi laifi. Kowa yana da takarda, kowa yana da wurin zuwa, kuma kowa yana dawowa.

Kwanaki Kawu ya kira daga Kano, ina riƙe mata wayar. Yana tsokanarta, ya ce har yanzu ana tsare mutane da yunwa sai an kira suna? Ta ce, "Wa zan kira? Duk suna nan." Ya yi dariya. A falon daga ni sai ita.

Na taɓa tambayarta ko fushi ta yi da mu. Ta ce fushin me, ita dai ta sauke kaya ne, ta daɗe da su a ka. Kuma na yarda da ita, don ta fi barci yanzu, ba ta zama a bakin taga in rana ta faɗi. Bai kamata in so mata tsoron nan ya dawo ba, kuma ba na so. Sai dai ban san cewa shi ne yake tara mu wuri guda ba sai da ya tafi.

Ina tashi daga shago bayan magariba, ƙafata a kumbure, in shigo in yi sallama. Ta amsa ba ta ɗauke ido daga talabijin ba, ta ce, "Na ci. Naki yana firij." In ɗumama, in ci a tsaye a kicin, da zafinsa, ba na jiran kowa. Abin da nake roƙo ke nan tun ina yarinya, in ci a lokacin da nake jin yunwa. An ba ni. Ban san wurin wa zan kai ƙara ba.